Aiki A Kamfanin Netflix: Ga Zuma, Ga Harbi

 

Waɗanda suka manyanta daga cikinmu za su tuna zamanin da ba a kallon fim sai an je gidan silima, wurin da mace mai kamun kai ba ta ko dosar ƙofarsa. Daga baya akwatin talabijin ya shigo, sa'an nan bidiyo da kaset, har aka zo kan faifai. Yau kuwa silimar ce da kanta ta biyo mu har ƙuryar ɗaka, tana cikin wayar da ke hannun uwargida. Ɗaya daga cikin manyan kamfanonin da suka jawo wannan canji shi ne Netflix na ƙasar Amurka. Wadda ta kalli fim ɗin Amina, wanda aka yi a kan Sarauniya Amina ta Zazzau, ya fito a 2021 da Ali Nuhu a ciki, ko kuwa Lionheart na Genevieve Nnaji, inda Sani Mu'azu ya fito a matsayin wani attajiri, to mai yiwuwa ta hanyar wannan kamfani ta gan su.

Zancenmu na yau a kan mutanen da ke aiki a cikin kamfanin ne. Dalili kuwa shi ne, 'yan matanmu da yawa yanzu idan an tambaye su abin da suke so su zama, sai ka ji sun ce ilimin kwamfuta za su karanta domin su yi aiki a irin waɗannan manyan kamfanoni. Uwa takan ji daɗi, amma kuma gabanta yakan faɗi, domin ba ta san irin gidan da 'yarta ke hange ba. To bari mu leƙa ciki tare, mu ga daɗin mu ga wuyar.

ASALIN KAMFANIN

Wasu mutum biyu ne, Reed Hastings da Marc Randolph, suka kafa Netflix a jihar Kalifoniya cikin 1997. Shi Hastings ya taɓa zama malamin lissafi a wata makarantar sakandare a ƙasar Suwazilan, wadda yanzu ake kira Eswatini, a kudancin Afirka. Sana'arsu ta farko ita ce ba da hayar faifan fim ta gidan waya: a aika wa mutum faifai cikin jan ambulan, in ya gama kallo ya mayar. A 2007 suka fara nuna fim kai tsaye ta intanet, a watan Janairu na 2016 kuma suka buɗe wa ƙarin ƙasashe 130 ƙofa a rana ɗaya, har da Nijeriya. Zuwa ƙarshen 2024 masu biyan kuɗin kallo sun haura miliyan 300, ma'aikatan kamfanin kuwa wajen 14,000 ne kacal.

Akwai wani abu da ya faru a 2001 wanda shi ne tushen halin kamfanin har yau. A lokacin kasuwar kamfanonin intanet ta karye, kuɗi suka yanke, dole aka sallami kashi ɗaya cikin uku na ma'aikata, watau wajen mutum 40 daga cikin 120. Shugabannin sun zaci aiki zai durƙushe. Sai ga shi mutum 80 da suka rage suna yin aikin fiye da da, cikin sauri da nishaɗi. Daga nan Hastings da wata mata mai suna Patty McCord, wadda ke kula da sha'anin ma'aikata, suka yanke shawara cewa gara a tara gwanaye kaɗan, a biya su da tsoka, a sakar musu mara, da a cika ofis da matsakaita. A 2009 suka wallafa wannan tsari nasu kowa ya gani, miliyoyin mutane suka karanta, kamfanoni da dama suka kwaikwaya.

ZUMAR AIKIN

Abu na farko shi ne albashi. Ƙa'idar kamfanin ita ce a biya ma'aikaci iyakar abin da wani kamfani zai iya biyansa. A 2018, idan aka jera ma'aikatan daga mai ƙaramin albashi zuwa mai babba, na tsakiyarsu yana samun sama da dala 200,000 a shekara. Ba a ba da tukuicin ƙarshen shekara, kome ana haɗa shi cikin albashi, kuma ma'aikaci ne zai zaɓi nawa za a ba shi tsaba, nawa za a mayar masa damar sayen hannun jari. Wani abin mamaki ma, kamfanin yakan ƙarfafa wa ma'aikatansa gwiwa su riƙa sauraron masu zawarcinsu daga wasu wurare, domin su san darajarsu a kasuwa, su zo su faɗa.

Na biyu shi ne 'yanci. Ma'aikacin ofis ba ya sa hannu a rajistar zuwa aiki, ba a ƙidaya masa kwanakin hutun shekara, in ya ga yana bukata sai ya shirya da abokan aikinsa ya tafi. Kashe kuɗin kamfani ma ba shi da dogon littafin dokoki, abin da aka ce kawai shi ne mutum ya yi abin da zai amfani kamfanin. Duk wadda ta taɓa bin fayil daga tebur zuwa tebur tana neman sa hannun mutum biyar kafin a sayi takardar rubutu, ta san darajar wannan. Daɗin daɗawa, ana buɗe wa ma'aikata asirin ciniki da riba waɗanda a wasu wurare sai manya ke gani.

Na uku, wanda ya fi shafarmu mata, shi ne hutun haihuwa. A Amurka dokar tarayya ta 1993 mako 12 kawai ta tanadar, babu albashi, kuma ba kowane ma'aikaci ta shafa ba. Mu nan Nijeriya dokar ƙwadago ta ba mace mako 12 da aƙalla rabin albashinta. To a watan Agusta na 2015 sai Netflix ya yi shelar cewa mai jego, da shi kansa uban jariri, suna iya ɗaukar hutu gwargwadon bukatarsu har tsawon shekara guda, da cikakken albashi. Labarin ya zaga duniya. Watau mace ta yi wankan jego a natse, ta yi arba'in, ta shayar da ɗanta har ya fara tsayuwa, kuɗinta na shigowa.

Na huɗu shi ne ilimi. Wanda ya zauna cikin gwanaye dole ya goge. Aikin kuma iri-iri ne: akwai injiniyoyin da ke kula da na'urorin da ke aika fim zuwa ƙasashe sama da 190, akwai masana lissafi da ke tsara yadda wayarki za ta zaɓo miki fim ɗin da ya dace da ke, akwai masu zaɓen labari, da lauyoyi, da akantoci, da masu kula da fassara zuwa harsuna fiye da 30. Wadda ta yi 'yan shekaru a irin wannan wuri, in ta fito ba ta rasa masu nemanta.

HARBIN AIKIN

Hausawa sun ce ba a shan zuma sai an sha harbi. Kamfanin da bakinsa ya faɗa cewa shi ba dangi ba ne, ƙungiyar 'yan wasa ce. A cikin dangi, ɗanki ɗanki ne ko ya ci jarrabawa ko ya faɗi. A ƙungiyar ƙwallo kuwa, ranar da ƙafarka ta yi sanyi ranar za a sa wani a gurbinka, kome yawan ƙwallayen da ka ci bara.

Ga yadda ake yi. Ana so kowane manaja ya riƙa tambayar kansa game da kowane na ƙasa da shi: da wannan zai zo ya ce zai koma wani kamfani, zan yi ƙoƙarin in riƙe shi kuwa? Idan amsar a'a ce, to sai a sallame shi tun yanzu, a ba shi kuɗin sallama wanda kamfanin ya taɓa cewa ba ya kasa albashin wata huɗu, a nemo wanda ya fi shi. Ba sai mutum ya yi laifi ba. Ba sai ya yi sata ko fashin aiki ba. Aiki daidai wa daida, wanda a wani wuri za a ce madalla, shi kaɗai ya isa a ce masa Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

A watan Oktoba na 2018 jaridar Wall Street Journal ta tattauna da ma'aikatan kamfanin na da da na lokacin su fiye da 70. Da yawa sun yaba, amma da yawa kuma sun ce kullum cikin fargaba suke zuwa aiki. Jaridar ta ce a shekarar da ta gabata kamfanin ya sallami wajen kashi 8 cikin 100 na ma'aikatansa, alhali matsakaicin Amurka kashi 6 ne. Ta kuma ba da labarin cewa idan an sallami mutum, akan aika wa abokan aikinsa wasiƙa a bayyana musu dalili. Ke tuna yadda za ki ji a ce an tara unguwa an karanta musu abin da ya sa aka ce ki tafi. Amma domin adalci, jaridar ta nuna cewa masu ajiye aikin don kansu ba su da yawa, sun kasa na sauran wurare nesa ba kusa ba.

Sai kuma maganar faɗin gaskiya. A can ana ɗaukar shiru a matsayin rashin amana. Idan kika ga kuskuren abokiyar aikinki, ko ma na shugabanki, wajibi ne ki faɗa masa, ke ma a faɗa miki naki, wani lokaci a gaban jama'a. Wanda ya yi babban kuskure ana so ya tashi da kansa ya bayyana shi kowa ya ji. Mu da aka rena da kunya da kawaici, aka koya mana kada mu haɗa ido da babba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ba mu kaɗai ba ma. A littafin da Hastings ya rubuta tare da wata malama, Erin Meyer, a 2020, sun yarda cewa ma'aikatansu na Japan da Singafo sun sha wuya da wannan ɗabi'a, sai da aka sake musu salo.

Shi kansa hutun da ba a ƙidayawa yana da nasa tarko. Idan an ce miki kwana 30 gare ki, haƙƙinki ne, ki tafi babu mai harararki. Amma idan an ce ɗauki yadda kike so, kina kuma sane da cewa shugabanki yana auna ki kullum, to sai ki fara duban na kusa da ke, in ba su tafi ba ke ma ki zauna. Hutun haihuwar ma bai tsira ba. Tun a 2015 ba a sa ma'aikatan sashen faifai masu albashin awa a ciki ba, sai da aka yi ta surutu kana aka ba su nasu, ko da yake bai kai na manya ba. A watan Disamba na 2024 kuma jaridar nan da muka ambata ta ruwaito cewa kamfanin yana ja da baya a hankali, har wasu ma'aikata na ganin wuce wata shida ganganci ne. Kamfanin ya musa, ya ce bai canza kome ba, amma ƙididdigarsa ta nuna cewa a Amurka wajen wata shida iyaye ke ɗauka. Wata shida da cikakken albashi alheri ne babba, sai dai ba shi ne shekarar da aka yi shela ba.

Bugu da ƙari, fim ba ya barci. Idan dare ya yi a Kalifoniya, gari ya waye a wani wuri. Injiniyoyi sukan yi karɓa-karɓa wajen jiran ko-ta-kwana, in na'ura ta sami matsala ƙarfe biyun dare, wayar mai jiran ce za ta yi ƙara, ko da kuwa yanzu ta samu jariri ya yi barci. A watan Nuwamba na 2024, daren da aka nuna damben Mike Tyson da Jake Paul, na'urori miliyan 65 ne suka kama a lokaci guda, hoto ya yi ta tsayawa, masu kallo suka yi ta ƙorafi. Mu muna tsaki a ɗaka, amma akwai waɗanda suka kwana a kan ƙafafunsu.

Daga ƙarshe akwai kasuwa, wadda ba ta san gwani ba. A watan Afrilu na 2022 kamfanin ya ce ya yi asarar masu kallo 200,000, karo na farko cikin sama da shekara goma. A yini guda darajar hannun jarinsa ta faɗi da wajen kashi 35 cikin 100. A watan Mayu aka sallami mutum 150, a watan Yuni aka ƙara 300. Ga baƙuwar da ta je Amurka da bizar aiki, abin ya fi tsanani, domin bizar ƙwararru a ɗaure take da aikin, in an sallame ta kwana 60 gare ta ta sami wani ko ta tattara. Inshorar asibiti ta iyali ma galibi a jikin aikin take.

WASU MATA HUƊU

Labarin wasu mata huɗu ya isa ya nuna mana fuskokin biyu. Patty McCord, wadda da hannunta aka rubuta wannan tsari, ta yi shekara 14 a kamfanin. A 2012 Hastings ya auna ta da mudun da suka sassaƙa tare, ya ga lokacinta ya wuce, ta tafi. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Sai dai ba ta zauna kuka ba, ta koma ba kamfanoni shawara, ta kuma rubuta littafi.

Cindy Holland ta yi shekara 18, ita ce ta jagoranci sashen da ya fito da wasannin da suka ɗaukaka sunan kamfanin. A watan Satumba na 2020 aka ɗora wata a kan dukan sashen talabijin, ita kuwa ta bar aiki. Wadda aka ɗora ɗin ita ce Bela Bajaria, 'yar asalin Indiya wadda ta yi wani ɓangare na ƙuruciyarta a Zambiya. Ita ma an taɓa sallamarta daga wani babban kamfanin talabijin a 2016, a shekarar ta shiga Netflix, a 2023 kuma ta zama shugabar dukan fina-finai da wasannin kamfanin. Ta huɗu ita ce Bozoma Saint John, wadda iyayenta 'yan Gana ne. Ta riƙe shugabancin sashen talla daga 2020, amma ba ta cika shekara biyu ba ta bar kujerar a watan Maris na 2022.

Abin lura a nan shi ne, ƙofa a buɗe take ga mace ta hau har ƙoli. Rahoton kamfanin na 2021 ya nuna mata sun kusa rabin ma'aikata, ko da yake a ayyukan injiniya wajen kashi ɗaya cikin uku ne. Amma ƙofar fita ma a buɗe take, kuma daɗewa ba ta hana a nuna wa mutum ita.

SHAWARA GARE MU

Wata za ta ce, ina ruwan Biri da gada, mu da ke nan me ya haɗa mu da Kalifoniya? To ai hangen Dala ba shiga birni ba ne, gaskiya, kuma kaɗan ne daga cikin 'ya'yanmu za su taka ofishin Netflix. Sai dai wannan salo na biya da tsoka a kuma auna mutum kullum ya bazu, duk wadda ke da 'yar'uwa a banki ko kamfanin waya ta san zancen cika adadin da aka ɗora wa ma'aikaci.

Ke 'yar makaranta, riƙe lissafi da kimiyya da Turanci da kyau, kada kuma ki yi wasa da Hausarki, domin fassara ma sana'a ce. Koyi yin tambaya a aji, koyi faɗin ra'ayinki cikin ladabi. Faɗin gaskiya daban, rashin kunya daban. Koyi jin gyara ba tare da kin ɗauke shi zagi ba, domin wadda ba ta jure gyaran malama ba za ta jure na manaja ba.

Ke uwargida mai shirin karɓar irin wannan aiki, zauna da maigida ku yi maganar tun kafin ki sa hannu: wa zai kai yara makaranta, wa zai tsaya musu ranar da aiki ya riƙe ki. Kada ki tsaya ga abin da ke rubuce a takarda. Nemi matan da ke wurin ki tambaye su, su nawa suka tafi haihuwa, wata nawa suka yi, kuma da suka dawo sun tarar da kujerarsu? Idan albashi ya fara shigowa, kada ki ɗinka rayuwarki daidai da shi. Ware wani abu kowane wata, ko asusu ko adashi ko fili, har ki tara abin da zai riƙe gida wata shida in ta ɓaci. Kada ki yar da zumunci saboda ofis, domin ranar da aka karɓe katin shiga, dangi da maƙwabta su ne za su buɗe miki ƙofa.

Ku kuma iyaye, kada tsoron harbi ya sa ku hana yarinya neman zuma. Ku dai gaya mata gaskiya cewa kamfani aikinta na yau yake saye, ba ya yi mata alkawarin gobe. Abin da za ta fito da shi wanda babu mai ƙwacewa shi ne ilimin da ke kanta, da tanadin da ta yi, da mutuncinta.

Allah ya ba mu sana'a mai albarka, ya shirya mana zuriya.